Yadda Ake Gina Menu Mai Korar Baƙi

Idan Allah Ya nufe ka da sana'ar gina shafukan intanet, abin da za ka fara kiyayewa shi ne kada baƙo ya gane hanya da sauƙi. Wanda ya shigo ya danna sau biyu ya sami abin da yake nema, raina ka zai yi, har ya ce wa maigidan da ya ba ka aikin, "Alhaji, wannan ai ko yarona zai iya." Saboda haka menu, wato jerin ƙofofin nan na saman shafi, a nan za ka nuna ka sha karatu.

A ce ƙofa biyar maigida yake so: farkon shafi, kayanmu, farashi, tarihinmu, sai yadda za a same mu. Mai ƙaramin sani zai rubuta su da HTML a layi goma, ya shafa musu CSS, ya tafi masallaci abinsa. Kai kada ka yarda. Ɗauko jQuery da John Resig ya fitar a 2006, ka ɗora masa Bootstrap na mutanen Twitter, sannan ka zuba React na Facebook a sama. An ce jQuery da React ba sa ga maciji, kowanne so yake shi kaɗai ya juya shafin. Su ƙarata can. Tirela ce ka ɗauka haya don kai buhun gero ɗaya kasuwa, kuma duk wanda ya gan ka ya san da gaske kake.

Kada dogaro da kayan wasu ya hana ka barci. A Maris na 2016 wani mai shirya manhaja ya fusata ya janye ɗan kod ɗinsa mai suna left-pad daga rumbun npm, layi 11 kacal, sai ayyukan dubban mutane suka tsaya cik. Ka ga in naka ya rushe, cikin manya kake.

To, ga inda gwanintar take. Ka yi menu da ba ya buɗewa sai an ɗora masa linzamin kwamfuta. Baƙinka da Tecno da Itel za su zo, waya kuwa ba ta da linzami, sai su yi ta dangwalar fuskar waya har yatsa ya yi zafi. Masu kwamfutar ma kada su tsira: sa ƙofa cikin ƙofa har hawa huɗu, yadda hannu na ɗan karkacewa komai zai rufe a koma farko. Sauran ƙofofin kuma ka cusa su bayan alamar nan mai layuka uku da Norm Cox ya zana wa kwamfutar Xerox Star ta 1981, har da lambar wayar shagon. Layukan su zama ruwan toka a kan fari. Mai rabo zai gani.

In da Hausa aka rubuta shafin, ka manta da sanya UTF-8. Ƙ da ɗ da ɓ za su rikiɗe su zama wasu alamomi da ba mai iya karantawa, baƙo ya ɗauka sirri ne.

Batun karatu ba ya buƙatar dogon bayani. MDN na Mozilla da freeCodeCamp da W3Schools duk kyauta ake karanta su, kai kuwa ka fi ƙarfin kayan sadaka. Sauke bidiyon YouTube mai awa goma, ka kalla a kwance, kada yatsanka ya taɓa madannai. A kwana goma Brendan Eich ya harhaɗa JavaScript a 1995, don me kai za ka wuce mako kana koyonsa? In ka maƙale, garzaya Stack Overflow ka kwafo kod, amma daga tambayar, tunda ita ce a sama.

Gwaji kuwa a ofis kaɗai ake yinsa, inda intanet ke gudu. Kada ka kuskura ka buɗe shafin da datarka a inda sabis ke sanda ɗaya, kana iya ganin abin da zai ɓata maka rai. Ranar da maigida ya bugo yana ƙorafi, ka amsa a natse: "Ranka ya daɗe, a kwamfutata lafiya lau yake aiki." Sai dai ka tabbata cikon kuɗinka ya shiga aljihu kafin ya buɗe shafin a wayarsa.