Mu da LEA Ɗin Unguwarmu

Mu mutanen cikin birnin Zariya, in dai hirar ilimi ce, ba a kayar da mu. Baƙo na zama a dakali za mu fara zayyano masa: ga Alhudahuda nan wajen Ƙofar Doka, ga Barewa da ta tare a garin nan a 1949, ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga malaman Kona da ake zuwa ɗaukar karatu gabansu tun kaka da kakanni. Duk gaskiya ne. Amma ya kuskura ya ce, "To Alhaji, naka yaran wace firamare suke?" nan za ka ga an shiga gyaran hula.

Ai yawancinmu masu bakin nan mun daɗe da kwashe namu daga LEA, wato firamaren gwamnati. Mun kai su makarantar kuɗi, wadda sau da yawa gidan haya ne aka shafa wa fenti, aka laƙa masa dogon suna na Turanci. Malamar ajin ma ƙanwarmu ce da ta gama NCE tana jiran aikin gwamnati. Ranar da ta samu kuwa, har addu'a za mu taru mu yi mata, ta tafi koyarwa a makarantar da muka guda.

Gyara dai an sha aiko mana da shi daga Kaduna. A 2016 gwamnatin El-Rufa'i ta fara ciyar da 'yan firamare, azuzuwa suka cika maƙil. Har yaron da bai iya ɗaura wando ba mun miƙa masa kwano mun ce ya bi yayyensa. Ana gama rabo, lungu ya cika da masu dawowa gida. Mu da muka tura su muka zauna muna cewa gwamnati ba ta da tsari.

Sai jarrabawar 2017, wadda har yau in an taɓo ta shayi kan huce a hannu. Malamai wajen 33,000 aka yi wa jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, 21,780 ba su kai kashi 75 cikin ɗari ba, aka ce su tafi, za a ɗauki sababbi 25,000. Majalisarmu ta hira ta rabu biyu, kuma in ka lura da kyau, ba ra'ayi ne ya raba ta ba. Wanda matar wansa ke cikin waɗanda aka sallama ya ce zalunci ne tsagwaronsa. Wanda ɗansa ke zaman kashe wando da takarda a akwati ya ce Allah ya yi wa gyara albarka. Wani zubin ma gidansu ɗaya, tukunya ɗaya. Ƙungiyar malamai ta tafi yajin aiki a farkon 2018, a 2022 aka sake sallamar wasu 2,357, muka sake rabuwa yadda muka saba.

Ni dai ina ganin kowanne na da tasa gaskiyar. Sallama ba ta ƙera benci, ba ta rage wa malami ɗaya yaran da suka fi ƙarfinsa, kuma cikin waɗanda suka tafi akwai dattawan da suka koya mana baƙi da wasali. Amma fa akwai waɗanda alfarma ta shigar da su aji, kuma kowa ya san wa ya ɗauki sunayen ya kai gidan kansila da daddare. Ba mutanen Kaduna ba ne.

Akwai kwamitin unguwa na kula da makaranta, SBMC. A kira taro, sai hedimasta da mai unguwa da tsofaffi biyu. Amma walima ta taso, kowa ya san hanyar filin makarantar, har bencin da suka rage mu ara, mu manta da mayarwa. Awakinmu ma sun fi mu zuwa.

Ranar zaɓe ce kawai mukan shiga ajin gaba ɗayanmu. Mu ɗaga kai mu ga kwano ya yaye, mu ce, "Innalillahi, Malam, haka wurin nan ya koma?" Mu dangwala, mu fito muna tambayar wa ke kan gaba a mazaɓar Kwarbai.