Ka Ce Jinya Zama Ce, Malam?

Tun ban buɗe baki ba na hango ka ka taɓe naka. Ka ce me ye abin rubutu a jinya? Mutum yana kwance, kai kana gefensa da mafici, in ya yi tari ka ce sannu, in barci ya ɗauke shi ka koma latsa waya. Madalla da wannan ilimi, Malam! A wace makaranta aka ba ka shi? Ina so in sani ne don kada tsautsayi ya sa in kai 'ya'yana.

Samu wuri ka zauna. A'a, ban da kan katifar nan, yanzu na goge ledarta.

Wata 14 ke nan da Baba ya faɗi. Yana alwalar Asuba buta ta suɓuce masa daga hannun dama, baki ya karkace, magana ta koma kamar ta wanda ya cika baki da ruwa. Ka ce iska ce ta buge shi? Ka makara, rabin unguwarmu sun riga ka faɗa. Wata gwaggona har ta san aljanin da kukar da yake kwana. Likita kuwa hoton ƙwaƙwalwa ya ɗaga ya nuna mana: jijiyar jini ce ta toshe a ɓangaren hagu, shi ya sa dama ta shanye, don hagun ƙwaƙwalwa ke juya daman jiki, kuma a yawancin mutane can hagun ne maganar take. Aljanin dai sunansa hawan jini. Ya shekara da shekaru a gidanmu bai taɓa biyan haya ba, mu kuma muna ta yi masa hidima da gishiri da dunƙule. Awon da ke tsayawa a 140 bisa 90 ko sama an shiga gonarsa, na Baba ranar nan ya yi wa wannan fintinkau. Abin da har yau yake ci mini rai, akwai allurar narkar da gudan jinin a asibitocin da suke da ita, amma sai an kai mutum cikin awa huɗu da rabi. Mu a hayaƙi da shafe-shafe muka ƙarar da awoyinmu. Ka ce wato addu'a laifi ce? Ji sharri! A bakin wa ka ji? A yi ta, a ƙara, amma a cikin mota ana tafiya.

Ka ce to ai an sallame ku, kun huta? Ranar da aka ce mana an sallame mu har hamdala na yi, don ban san ma'anar kalmar ba. Ashe ma'anarta a tattara aikin nas ta safe da ta yamma da ta dare, a haɗa da na mai wanki da mai shara da mai tura keke, a ƙulle a leda ɗaya da magunguna a miƙa maka. Su can in lokacin tashinsu ya yi sukan rataya jaka su tafi gida. Ni gidan ne wurin aikin, ina zan tafi?

Fara da juyi. Wanda ba ya iya motsa kansa ana juya shi duk bayan awa biyu, sau 12 ke nan tsakanin Asuba da Asuba, kuma uku daga ciki suna faɗowa ne daidai lokacin da minsharinka ya kai maƙura. Ka ce don me za a tashi mai barci, ba zalunci ba ne? Bar shi ka gani. Fatar da ta matse tsakanin ƙashi da katifa jini ba ya isa gare ta, sai ta mutu ta buɗe: ƙugu, ƙashin gindin baya, diddige, kafaɗa. Gyambon kwanciya ke nan, kwana kaɗan yake buƙata ya zo, watanni yake ɗauka kafin ya tafi, in ya ga dama. A baƙar fata irin tamu jan da yake fara yi ba ya fitowa sosai, sai ka bi da hannu ka ji inda ya fi zafi ko ya yi tauri. Da fitilar waya a baki nake wannan sintirin, kamar ɓarawon kaji.

Sai abinci. Ka ce wannan ma aiki ne, cokali daga kofi zuwa baki? Shanyewar jiki takan taɓa haɗiya, abinci ya saki hanyar ciki ya bi ta huhu, daga nan sai ciwon huhu ya zo ya tarar da na farko. Ruwa tsinkakke ya fi kunu mai kauri saurin ɓata hanya, abin da da wani ne ya gaya mini a da sai na ƙaryata shi. Sai an tayar da shi zaune sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan, a jira maƙogwaro ya motsa, a duba kumatun da ya shanye ko ya ɓoye wani abu, sannan a bar shi a zaune kamar rabin awa. Kofin kunun gyaɗa ɗaya yakan ci mana minti 40. Dole ta sa na ƙware don kada shi ya ƙware.

Na ga ka gyara zama. Na san inda za ka. Ka ce duk wannan ai aikin mata ne, ni me ya kai ni? To lissafa mini matan. Inna gwiwa ta hana ta ko ruku'u, a kujera take salla. Ƙannena mata suna ɗakunan mazajensu, ɗaya ma a Gusau. Saura matata. Wato surukarsa kake so ta kwance masa zariyar wando? Kai da in surukinka ya shigo layi kake canza hanya! Wankan Baba da tsarkinsa na 'ya'yansa maza ne, kuma ni ne ɗan fari, wanda tun da aka haife shi Baba bai taɓa kama sunansa ba, sai dai "yaron nan". Ranar farko shi ya juya fuska ga bango, ni na ƙura wa silin ido, ruwan ya tafi inda ya ga dama. A hankali muka yi sulhu ba tare da kowa ya ce uffan ba: a lulluɓa zane, a yi wankan ta ƙarƙashinsa, a ƙure rediyo. Da labaran safe muke rufa wa juna asiri.

Kada ki yi murmushi, Hajiya, na gan ki a bayansa. Ba cewa na yi matan suna hutu ba. Matata tukunya biyu take ɗorawa kullum, tamu da ta Baba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum a yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙulen da muke watsawa uku-uku a miya shi ma gishirin ne ya sa riga. Ta yi ta dabara da daddawa da citta da tafarnuwa don miyar kukar kada ta zama lami, ta kawo, Baba ya ɗanɗana ya ture kwanon da hannun hagu. Wannan hannun lafiyarsa lau, ni shaida ne. Ga wankin zanin gado, a rana mai albarka uku, kowanne da kuɗin mai garuwa a kansa. Da damina ɗakinmu yakan koma kamar rumfar 'yan gwanjo, ko'ina shanya.

Duk da haka ƙarfe 8 ina gaban allo, don koyarwa nake, kuma albashi bai san Baba ba shi da lafiya ba. Wanka, magani, kunu, a ɗora yara a babur, a sauke su, a ruga. Ƙanena ya karɓi rana, ya rufe shagonsa rabin yini. Takardun jarrabawa da dare nake duba su a bakin gado tsakanin juyi da juyi. Na taɓa ba wani yaro maki 150 bisa 90. Ya zo har ofis yana tambaya ko ya ci ne ko ya faɗi, na ce ya rage gishiri.

Ka ce ai kuna da ɗan'uwa a Abuja, yana turo kuɗi? Yana turowa, Allah ya saka masa, ba na raina ko sisi. Sai dai kowane aike da saƙon murya na minti bakwai a WhatsApp yake zuwa, yana koya mini yadda ake jinya. Kuɗin kuma ba su san hanyar zama ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, naira kuma ta bi ta zube, mai kemis ya daina rubuta farashi da biro. Ga pampas na manya, ga safar hannu, ga shatar a daidaita sahu zuwa gashi sau biyu a mako, don ba a cusa mai shanyayyen jiki tsakanin fasinja uku. An sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya tun 2022, amma Baba tsohon ɗan kasuwa ne, inshorarsa 'ya'yansa, mu kuma ba mu farga mun yi masa rajista ba sai da ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Na ce gashi ka zaro ido. Kwantar da hankalinka, ba tsire za a yi da shi ba. Motsa gaɓoɓi ne, a lanƙwasa a miƙe, yatsa-yatsa, kullum, don gaɓar da aka bari ƙagewa take. Likitar gashi takan yi nata na ɗan lokaci ta ce a ci gaba a gida, wato ni. Ita ce ta hana mu ɗaga shi ta hannun da ya shanye, don kafaɗar tana iya gocewa, ita ce kuma ta ce watannin farko su ne kakar samun sauƙi, wanda ya yi sake da su zai yi cizon yatsa.

Yanzu mu zo kanka, ɗan dubiya. E, kai. Dubiya haƙƙi ce, zumunta kuma a ƙafa take, ban musa ba. Amma wace doka ce ta ce sai an sauke tukunya za ka yi sallama, kuma ba za ka tashi ba sai an kira Magariba? Ka zo da kilishi, ga wanda kunu ma sai an yi masa rakiya, ka zauna ka taya mu cinye shi, a dafa maka shayi. Ka sunkuya a kunnensa ka kwarara "SANNU ALHAJI!" kamar mai kiran wanda ke ƙasan rijiya. Bakinsa ne ya tafi hutu, Malam, kunnensa yana bakin aiki. Da wannan kunnen ya ji ka kana ba ni labarin maƙwabcinka da irin wannan ciwon ya kama, "ko wata biyu bai yi ba, Allah ya jiƙansa". Bayan tafiyarka ƙin cin abinci ya yi. Kowane ɗan dubiya kuma likita ne. Wannan ya ce man kaza, wancan ya ce akwai wani mai magani a bayan gari kaza da ke tayar da gurgu a kwana uku. Wanda ya fi ba ni tsoro mai cewa tunda awon ya sauka a daina maganin Bature haka nan, kada ya saba. Maganin ne fa ya danne shi, kamar dutse a kan murfin tukunya. Ɗauke dutsen ka ga tafasa.

Sannan ka juyo ka ce ya mai jiki. In ce da sauƙi. Me kake so in ce? Bahaushe ko ana haƙa masa kabari da sauƙi ne.

Ka ce in ya yi muku yawa ku ɗauko nas mana, ko ku kai shi inda ake kula da tsofaffi kamar a Turai? Nas ba da godiya ake biyan ta ba. Na biyun kuwa, ranar da muka yi shi, kai ne za ka fara kai labari majalisa cewa 'ya'yan wane sun jefar da ubansu.

Saura makaminka na ƙarshe, na ga kana lalubo shi. Ka ce in yi haƙuri, lada nake kwasa. Wallahi na yarda, shi ne ma abin da ke tashi na ƙarfe biyun dare. Sai dai ni ba marowaci ba ne, ladan nan ya yi wa mutum ɗaya yawa, abokin tarayya nake nema. Kuma kada ka ɗauka waliyyi ne ke maka magana. Akwai daren da na canza zanin gado sau uku, a na ukun na ɗaga wa Baba murya. Ya dube ni bai iya ramawa ba. Na fita zaure na yi kukan da rabona da irinsa tun ina firamare, na wanke fuska na dawo, don lokacin juyi ya yi. Wanda ya ƙirƙiri kalmar jinya ya san abin da yake yi da ya ba mu ita mu biyu: Baba yana jinya, ni ma ina jinya. Ran nan na gama auna shi na zura hannuna a na'urar don wasa. Wasan bai ba ni dariya ba. Yanzu ledar magani biyu ce a kan taga, kowa da tasa.

Sauƙin dai yana zuwa, na gaske ba na gaisuwa ba. Baba yana dogara sanda ya kai bakin ƙofa. Magana ma ta fara dawowa. Wata da watanni ina sauraron kalmar farko, ina ce wa raina ko albarka zai sa mini, ko ma ya manta kunya ya kama sunana sau ɗaya a duniya. Rannan ina ba shi tuwo ya tattara ƙarfinsa, ya dube ni ido cikin ido, ya ce tar ba gargada: "Gishiri."

Har yanzu kana kan bakanka cewa zama ce? To Alhamis mai zuwa ka zo bayan Isha. Bar kilishin a gida, ka riƙo omo da sabulu, in da hali da ƙullin pampas. Zan nuna maka sau ɗaya: a lanƙwasa gwiwa, hannu ɗaya a bayan kafaɗa ɗaya a ƙugu, a mirgino shi wajenka, a sa matashi tsakanin ƙafafu. Ƙarfe 12 da 2 da 4 naka ne. Ni ina zaure a kan tabarma, kuma kada ka tashe ni don ka tambaye ni ya mai jiki. Ka riga ka san amsar.