Da Tsohon Babur Ake Zuwa Argungu

Bature ba ya rasa abin ba mutum mamaki. A Ingila akwai wata tafiya da aka fara tun 1930, daga Epsom zuwa Brighton, wadda babur ba ya shiga sai in an ƙera shi kafin 1915. A birnin Sidni na Ostareliya kuma, a 2012, wasu suka ƙirƙiro hawan tsofaffin babura cikin kwat da lakataye, abin ya bazu duniya. Mutum ga motarsa a gida lafiya lau, amma ya hau abin da ya girmi kakansa don kawai ya shaƙi hayaƙi tare da abokai, a ɗauke shi hoto a buga a jarida.

Mu nan Gwadangaji mun daɗe muna wannan, ba ɗan jaridar da ya taɓa leƙo mu. Su suna ce masa nishaɗi, mu kuwa ɗaurin aure ne a Argungu.

Da kaka ake yi. An yanke shinkafa a fadama, buhu ya shiga kasuwa, aljihu ya yi nauyi, sai aure ya ɓarke ko'ina. Wanda kakarsa ta yanke saƙa ya sayo sabon Boxer, kuma ba zai cire ledar ba sai rana da iska sun cire masa. Sauran jama'a kowa ya jawo abin da ke jingine a zaure. Ga Honda Benly da aka saya da kuɗin Udoji a 1975, ga Basfar tsohon hedimasta, ga Suzuki mai hayaƙin da ke korar sauron unguwa guda, ga roba-roba. Kowane mai babur da kirarinsa: "Wanga ɗan Japan na, ba a taɓa buɗe injinai ba." Bakanikensa na tsaye a gefe yana kallon ƙasa, don ya san abin da ya rage na asali a jikin babur ɗin bai wuce lambar ba, ita ma ta tsohuwar Jihar Sakkwato ce, tun kafin a ba mu Kebbi a 1991.

Ayari ba ya tashi sai da shugabanci. Matafiya ba su cika zaure ba, amma akwai ciyaman, da mataimakinsa, da sakatare, da ma'ajin da bai taɓa riƙe sisin kowa ba, da mai ladabtarwa. Akwai kuma uban tafiya, Alhaji mai mota, wanda zai sa albarka ta waya ya riga kowa isa. Aka tsayar da magana: ƙarfe bakwai na safe a bakin sakatariya, wanda ya makara a bar shi. Ƙarfe tara ciyaman ya iso yana faɗan rashin kiyaye lokaci. Aka kira sakatare, ya ce, "Ga ni nan tahe," ana jiyo ƙarar guga a rijiya a bayansa.

Sai maganar mai. Tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafi ya tafi, ba a ƙara cika tanki a garin nan ba sai a mafarki. Ba ma duba mai da ido. Girgiza babur ake yi, a kanga kunne a jikin tanki, in an ji 'yar ƙara a ce, "Ya kai mu, in sha Allahu." Mai zuciya ya tsaya wurin 'yan bumburutu a zuba masa kwalba guda. Sauran lissafin an ɗora shi a kan gangara, inda za a kashe inji a sulala kyauta. Abin takaici, ƙasar kwarin Rima shimfiɗe take, gangarar da za ta ciyar da mutum sai an yi bincike.

Babur ɗin da Japanawa suka ƙera don mutum biyu, a wurinmu uku ne mafi ƙaranci, ban da buhun gudunmawa da kaji biyu a rataye kai ƙasa. Hular kwano kuwa ba a maganarta. Wa zai ɓata karin hularsa ranar ɗaurin aure?

Wajen Ambursa, dab da filin jirgin sama, Benly ta yi tari biyu ta yi shiru. Nan ne ainihin bikin. Mai ita ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya ciro sifana daga cikin wata tsohuwar safa, ya kwance fulogi. Ya ɗaga shi sama ya ƙura masa ido, ya hura, ya kankare bakin da tsinken waya, ya goge a gefen wando, ya sake hurawa. Kafin ya mayar, duk ayarin sun zama bakanikai. Wannan ya ce kabureta ce, wancan ya rantse wuta ce, tela ya ce ringi ne ya tafi, shi tun daga gida ya ji muryarta ta canza. Wani dattijo ya ce a dai riƙa addu'a, mutane ba su da kyau. Aka buga kik har cinya ta gaji. Yaron da aka goyo ne ya buɗe tanki ya leƙa, ya ce, "Baba, ba mai." Aka daka masa tsawa don ya sa baki a maganar manya, sannan aka shiga neman tiyo.

A nan ake gane zumunci. Da tiyo ya fito, kowa sai ya tuna shi ma a rizab yake. Mai sabon Boxer ya juya baya yana amsa wayar da ba ta yi ƙara ba. Ƙarshenta aka zuƙo rabin kwalba daga Basfar hedimasta, aka ce yaro ya tura. Sai a lokacin ya fahimci dalilin da ya sa aka ɗauko shi kyauta.

Tafiyar da mota ke yi cikin abin da bai kai awa ba, muka yi ta har rana ta take tsaka. Mun tarar an shafa fatiha, goro da dabino sun ƙare, ana naɗe tabarmi. Ciyaman ya kama hannun waliyyi ya ce, "Hanya ce, Alhaji, ka san hanyar nan." Hanya kuwa ba ta yi mana komai ba. Amma ba mu makara ga shinkafa da kifi ba, wannan kam ba a taɓa jin ayarinmu ya rasa ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne wurin hoto. An je gaban gidan tarihi na Kanta, sai aka tura Benly da Basfa bayan bishiya, kowa ya zo ya dafa Boxer mai leda don a sa a Facebook. Babur ɗin da ya kai matarka asibiti haihuwar fari, ya kai ɗanka makaranta, ya yi kabu-kabu ya aurar da shi, yau shi ne abin kunya. Gobe mai gwangwan ya zo da sikeli a sayar masa a kilo, a sayi katin waya.

Bikin kamun kifi na Argungu tun 1934 ake yinsa, a 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya, kuma an yi tseren kwale-kwale, an yi kamun agwagwa, har tseren motoci an yi. Ina roƙon masu shirya biki su ware wa tsofaffin babura rana guda, daga Gwadangaji zuwa Matan Fada. Kyautar ba sai ta yi yawa ba, fulogi sabo da lita biyar sun isa. A rubuta ƙarfe bakwai a takarda, amma don Allah alƙalai su yi La'asar kafin su fara duba hanya.