Rimot a Hannu, Hali a Fili

A duk wurin da ake ɗaukar babban fim akwai wani mutum da ke tsaye a gefe, riƙe da wata 'yar na'ura mai faifai a jikinta, yana murzawa a hankali, idonsa ko ƙiftawa ba ya yi. Aikinsa shi ne fuskar jarumi ta fito garau duk inda ya motsa. Na'urar tana aika saƙo ta iska zuwa wani ɗan inji da aka maƙala a jikin gilashin kyamara, haƙoran injin kuma suna cikin haƙoran zoben fokas, ya murza a nan, gilashi ya juya a can. Da can mai wannan aiki manne yake da kyamara, hannunsa a kan gilashin. Sai Garrett Brown ya ƙirƙiro Steadicam, aka gan ta a fim ɗin Rocky na 1976, kyamara ta sauka daga ƙafafunta uku ta hau jikin mutum mai gudu, taɓa gilashi ya zama girgiza hoto. Dole aka nemi hanyar murzawa daga nesa, har a 2007 hukumar da ke ba da kyautar Oscar ta karrama waɗanda suka ƙera rimot ɗin FI+Z na kamfanin Preston da na kamfanin Arri na Jamus. Abin da nake son kafawa shi ne rimot bai ƙara wa kowa gwaninta ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya ba mutum zaɓin inda zai tsaya da abin da zai kalla, wannan zaɓin kuwa shi ke tona halin kowa.

Kafin a yi dariya, a san nauyin abin. Idan aka ɗaura gilashi mai milimita 85 a babbar kyamara, aka buɗe shi zuwa 1.4, jarumi yana mita 2 daga gare ta, to wurin da hoto ke fitowa garau bai kai santimita 5 ba. Wato ido na iya fitowa tangaran, kunne ya yi hazo. A cikin wannan ɗan tsukin ne Mai Tef yake gina imaninsa. Shi ne wanda zai ja tef daga alamar da ke jikin kyamara zuwa idon jaruma, ya koma kujera, ya koma bakin ƙofa, ya zane farin zoben rimot ɗinsa da layuka har ya rasa inda zai sa na gaba. Ya san nisan komai a ɗakin, har da tulun da ba ya cikin labari. Ana cewa a fara, jaruma ta ji abin ya taɓa ta, ta sunkuyo da kai tsawon tafin hannu, shi kuwa yana nan kan lambar da ya auna tun hantsi. In an tambaye shi, amsarsa a shirye take: ba ta tsaya kan alamarta ba. Gaskiyarsa ce kuwa, sai dai ba wanda ya taɓa shiga sinima don ya kalli alama. Awon nasa ba banza ba ne, ƙwararru duka suna awo. Laifinsa shi ne ya ɗauka awon ne aikin, alhali share fage ne kawai.

Kishiyarsa shi ne Mai Allo, kuma shi ne ɗan da rimot ya haifa na cikinsa. Tunda saƙo yana tafiya ta iska, me zai tsayar da shi a rana? Sai ya samu inuwa can nesa, ya kafa kujera, ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya ƙura wa monita ido. Matsalar ita ce allo ba ya nuna abin da zai faru, sai abin da ya riga ya faru. Kafin ya ga fuska ta yi dishi-dishi, kyamara ta riga ta ɗauki dishi-dishin. Ga shi kuma allo ba ya faɗa masa ko gaba jarumin ya yi ko baya, sai ya murza dama, abin ya ƙara lalacewa, ya dawo hagu ya wuce wuri, hoto yana ta shiga yana fita kamar guga a rijiya. Masu kare shi za su ce kyamarorin yau sun yi kaifin da ido kaɗai ba zai iya ba, dole sai da allo. Haka ne, kuma dabarar ba sabuwa ba ce. Lokacin da Stanley Kubrick ya ɗauki Barry Lyndon na 1975 da hasken kyandir, da gilashin Zeiss mai buɗewa har 0.7, mai kula da fokas ɗinsa, Douglas Milsome, ya yi aiki da allon talabijin. Amma kyamarar da ke ciyar da allon a gefe aka kafa ta, tana nuna masa yadda jarumi ke matsowa da ja da baya. Motsin mutum yake kallo, shi kuwa namu hazo yake jira.

Sai Mai Laifin Iska. Yawancin waɗannan na'urori suna aiki ne a zangon 2.4 GHz, inda Wi-Fi ma yake, don haka cunkoson saƙo abu ne da ke faruwa. Wannan gaskiyar ita ce garkuwarsa. Bai caja batir ba, bai bar injin ya zagaya gilashi daga ƙarshe zuwa ƙarshe ya koyi iyakarsa ba bayan an canja gilashi, bai ɗaure injin da kyau ba har haƙora suna tsallake juna, amma da hoto ya ɓaci zai ɗaga kai sama ya tambaya waye ya kunna waya. Yana da wani ƙane, Sarkin Kaya, wanda ya ɗora wa kyamara na'urar awon nisa, ya rataya allo biyu a ƙirji, eriya ta ko'ina, sai an jira shi ya gama haɗa waya kafin a fara, rana kuwa tana faɗuwa.

Wanda ya fi ba ni haushi a cikinsu shi ne wanda ya iya aikin. Ɗan Burga hannunsa daidai yake, ba ya kuskuren nisa, amma ya gaji da zama wanda ba a gani. Mutum biyu suna magana, wannan ya buɗe baki ya jefa masa fokas, wancan ya yi tari ya mayar can, ƙuda ya gifta ya bi shi. Ya manta cewa sau da yawa labarin yana fuskar wanda ya yi shiru yana sauraro. A nan ne amsar babbar hujjar masu cewa wannan sana'a ta kusa mutuwa take. Suna cewa ga kyamarori masu gane ido da kansu, ga Ronin 4D da kamfanin DJI ya fitar a 2021 tana auna nisa da hasken leza, to me mutum zai ƙara? A wajen awo, na yarda, inji ya fi Mai Tef sauri, ya fi Mai Allo tabbas, kuma ba ya ɗora wa kowa laifi. Amma matar da mijinta ke furta mata saki a gaba, ita tana baya ta daskare, inji zai zaɓi fuskar da ta fi kusa ko ta fi girma. Sanin cewa ita za a kalla, da sanin daƙiƙar da za a koma kanta, da saurin komawar, sai wanda ya karanta labarin. Inji Ɗan Burga ne marar girman kai, yana bin duk abin da ya motsa. Saboda haka waɗanda zai kora daga aiki su ne waɗanda suka riga suka mayar da kansu inji, wanda ke tsaye kusa yana karanta kafaɗar jarumi kafin ƙafarsa ta ɗaga kuwa yana nan daram.

Wani zai ce rashin adalci ne a yi wa mutanen nan ba'a, tunda aikinsu na rashin godiya ne, in sun yi daidai ba mai yabo, in sun kuskure kowa ya gani. Hujja ce mai ƙarfi, kuma ita ce ke haifar da Mai Shiru, wanda ya san sarai ɗaukar da darakta ya fi so ta yi hazo a tsakiya, amma ya dubi jaruma tana share hawayen da da ƙyar aka samo, ya ce lafiya lau. Sai edita ya gano bayan an rushe ɗakin, jarumar ta tafi wani aikin. Tausayinsa nake ji, amma kalmar "a sake" a lokacinta ta fi arha nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wani da ba ma'aikaci ba ne, amma ba a rasa shi. Baƙon furodusa ne, ya zo kallo da babbar riga, ya ga rimot a ajiye kan akwati, ya ɗauka ya ce wannan na mene ne, ya murza faifan tun daga farko har ƙarshe don ya ji laushinsa. Can ƙetaren fili, a saman injin ɗaga kyamara, gilashi ya juya tsaf yadda aka umarce shi, ana tsaka da ɗauka, darakta kuma ya waiwayo yana ƙwala wa mai rimot kira.