Kowa Marubuci Ne, Wa Zai Riƙe Jan Biro?

Mai son sanin halin da adabin Hausa yake ciki ba sai ya buɗe littafi ba, ya isa ya dubi mutanen da suka kewaye shi. Kowa da abin dariyarsa, amma in an bi sawu, rashi ɗaya ne ya haife su duka: rashin mai gyara. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, tana da wanda zai ce a cire wannan, a sake wancan. Tun daga shekarun 1980, da buga littafi ya koma hannun mai shi, marubuci shi ne edita, shi ne ɗan talla, shi ne mai yabon kansa.

Na farko a jerin shi ne Malam Yana-Nan-Tafe. Littafinsa yana da suna, yana da bango, har sadaukarwa ga iyaye an rubuta, labarin ne kawai ya rage. Da akwai mai kiransa a waya yana tambayar babi na uku, da tuni ya gama ko ya tuba. Maƙwabcinsa shi ne Sarkin Ƙaddamarwa, wanda yake rubutu don a kama zauren taro, a samu uban taro da babban mai ƙaddamarwa, a yi alƙawarin kuɗi a lasifika. Katin gayyatarsa ya fi littafin samun kulawa, don shi ne za a karanta.

Wadda ta fi kowa aiki kuwa ita ce Hajiyar WhatsApp, kuma ita ta fi cancantar a tsaya a kanta. Tana sakin shafukan farko kyauta, sai an kai inda amarya ta yanke jiki ta faɗi a gaban kishiya, sannan lambar asusu ta bayyana. Kowane shafi yana buɗewa da ban haƙuri, jiya babu wuta, yau an yi baƙi, yana kuma rufewa da Allah ya isa ga duk wadda ta fitar da shi waje ba ta biya ba. Editocinta su ne masu karatunta, ɗaruruwa a zaure ɗaya, kowa da buƙatarta. Wannan ta ce a kashe uwar miji, waccan ta ce a ƙara wa saurayi mota. Haka labarin da aka tsara ya ƙare a shafi hamsin zai kai ɗari biyu, jarumi ya yi hatsari sau uku, ya tafi Dubai jinya ya dawo, ba a ɗaura auren ba. A gefe guda ga Malam Manazarci, wanda ya yanke hukuncin cewa adabi ya mutu tun rasuwar Abubakar Imam a 1981, kuma ya kiyaye hukuncinsa ta hanyar ƙin karanta duk abin da ya biyo baya.

Za a ce rashin mai tsaron ƙofa ne ya buɗe wa mata hanya, kuma akwai gaskiya a ciki. Babu mace ko ɗaya cikin waɗanda aka buga wa littafi daga gasar 1933, kuma da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa sun zauna jiran izinin wani kamfani, da wataƙila ba a ji muryarsu ba. Amma mai tsaron ƙofa daban, mai gyara daban. Kano ta gwada na farkon: a 2007 gwamnatin Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafai, daga baya hukumar tace fina-finai ta nemi marubuta su yi rajista. Duk wannan farautar batsa ce. Babu wani jami'i da ya damu cewa Zainab ta shafi na goma ta koma Zulaihat a shafi na arba'in, ko cewa mahaifinta da aka binne a farko ya dawo yana raba goron ɗaurin aure.

Wani kuma zai ce ai akwai masu gyara, tunda kusan kowane littafi yana ɗauke da sunan wanda ya duba. Wannan shi ne na ƙarshe a jerin, Malam Masha-Allah, aminin marubuci ko malaminsa na sakandare. Ana ba shi shafi ɗari uku bayan sallar isha'i, kafin asuba ya turo saƙo: alƙalami ya yi, babu gyara, sai dai a ƙara "Dakta" a gaban sunansa a shafin godiya.