Ire-iren 'Yan Ajin Konfameshan

Da zarar Fada ya sanar cewa Bishop zai zo ba da konfameshan, sai ajin katikis ya cika maƙil, ko a Kafanchan ne ko a Malumfashi. Fuskokin da rabon a gan su tun Ista, duk ga su a kan benci.

A sahun gaba akwai gwanin hadda. Baye-baye bakwai na Ruhu Mai Tsarki yakan zubo su ba numfashi, daga hikima har tsoron Allah. Amma katikis ya ce masa, "To, wanne ne na huɗu?" sai ya koma farko yana ƙirga da yatsu a ƙarƙashin benci.

Can baya ga Ango. Gemu ya cika fuska, ya takure tsakanin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓa. Maganar aure ce ta kai shi ofishin Fada, aka ce ina shaidar konfameshan, don dokar coci ta fi so a karɓa kafin a ɗaura. Tambayarsa ɗaya ce kullum: "Baba Katikis, saura sati nawa?" In yaro ya riga shi ba da amsa, sai ya yi tari ya duba agogo. Ni dai shi na fi tausaya wa, ga kuɗin lefe ga katikisma.

Sai mai tsoron mari. Kakarsa ta ce masa Bishop na wanke mutum da mari har ya ga taurari. Da can akan ɗan taɓa kumatu kam, amma tsarin da aka fitar a 1971, zamanin Paparoma Paul na Shida, ya ajiye wannan. Yanzu Bishop zai zana gicciye a goshinka da man kirisma, ya yi maka fatan salama, shi ke nan. An gaya masa ya fi sau nawa, amma ranar zai durƙusa ido a runtse, wuya a noƙe.

Mai zaɓen sunan waliyyi kuwa, kowane sati da sabo. Tana son wanda babu mai shi a unguwa. Katikis ya ba ta Bakhita, 'yar Sudan da aka shigar cikin waliyyai a 2000, ta yatsine fuska, wai ba zai yi kyau a Facebook ba. Ƙaninta sunan ɗan ƙwallo ya kawo.

Wanda gara ta cinye masa katin baftisma, ba sai mun tsaya kansa ba.

Mai tsaya wa ɗalibi ma abin kallo ne. Doka ta ce ya cika shekara 16, ya kasance shi ma an yi masa, kuma ba uwa ba uba. Iyali sai su ƙara sharaɗi daga aljihunsu: ya zama mai mota. Kawu zai iso a makare cikin babbar riga, yana raɗa wa na kusa, "Wace kafaɗa ake dafawa?" Ta dama ce, Kawu.

Mama 'yar Zumuntar Mata ba ta san babin da ɗanta yake ba, amma farin yadi yana wurin tela tun watan jiya, kaji ma an ɗaure.

Duk waɗannan, mutum ɗaya ne ya yi fama da su wata da watanni, da alli da maƙogwaro. Don haka jama'a, ranar biki in za a raba shinkafa, a fara da Baba Katikis, kuma a sa masa cinya.