Daga Akushi Zuwa Kujerar Likita: Nazari a Kan Marubucin da Ke Ci da Haƙoran Jama'a

Daga cikin sana'o'in da suka bunƙasa a manyan birane tun lokacin da wayar hannu ta zama gaɓa daga gaɓoɓin jikin ɗan Adam, akwai sana'ar marubuci mai zaman kansa, wato wanda ba shi da albashi, ba shi da ofis, ba shi kuma da editan da zai ce masa ya ji tsoron Allah. Ana biyansa ne gwargwadon abin da ya rubuta, idan an tuna da shi, don haka larura ta mayar da shi masani a kan duk fannin da aka nuna masa kuɗi. Wannan nazari ya taƙaita ne a kan reshe guda na sana'ar wanda ya yi ƙarfi a birnin Kano, shi ne marubucin da ke yabon gidajen cin abinci ranar Litinin, sa'annan ya gargaɗi jama'a a kan lafiyar haƙori ranar Alhamis, da alƙalami ɗaya, kuma galibi da baki ɗaya mai ɗauke da kogo biyu ko uku.

Ba za a fahimci aikinsa na ranar Litinin ba sai an fahimci santi, wanda a al'adar Bahaushe yake nufin maganar da daɗin abinci ke fizgowa daga bakin mai ci ba tare da shawarar hankalinsa ba, kamar mutum yana tsakiyar loma ya yi alkawarin bayar da gonarsa kyauta. A da, wanda ya yi santi yakan sha dariya har ya gwammace bai ci ba, kuma iyaye sukan hori 'ya'yansu da su kame baki a gidan mutane. Abin da zamani ya ƙara shi ne an gano cewa santi yana da kasuwa, muddin aka rubuta shi da kyau aka haɗa shi da hoto aka ɗora a Facebook ko Instagram, kuma ta haka ne abin da yake aibu a zaure ya zama sana'a a intanet.

Sana'ar tana da magabata a wasu ƙasashe, kuma tun can ma ba ta rabu da zargi ba. A birnin Faris, wani attajiri mai suna Grimod de La Reynière ya fara wallafa littafin shekara-shekara a kan abinci a 1803, inda ya kafa majalisar ɗanɗano wadda masu dafa abinci ke aika wa girkinsu kyauta domin a yanke masa hukunci, kuma ba abin mamaki ba ne da aka riƙa raɗe-raɗin cewa hukuncin yana bin nauyin kwando. Kamfanin taya na Michelin kuwa ya fitar da littafinsa na jagorar matafiya a 1900, ya fara bai wa gidajen abinci taurari a 1926, bisa ƙa'idar cewa masu bincikensa ba sa bayyana kansu kuma suna biyan kuɗin abin da suka ci. Manufar kamfanin tun farko ita ce masu mota su yawaita tafiya domin tayoyinsu su cinye su sayi sababbi. Marubucin Kano ya ɗauki tafarkin Grimod wajen karɓar kwando, ya yi watsi da ƙa'idar Michelin ta ɓoye kai, domin tun daga bakin ƙofa yake sanar da mai gadi ko shi wane ne, ya kuma riƙe manufar cinyewa, sai dai a nan haƙoran masu karatu ne ke cinyewa a madadin taya.

Fagen aikinsa ya faro daga Titin Gidan Zu ya miƙe zuwa unguwannin Nasarawa da Bompai, inda ake buɗe sabon wurin cin abinci mai fitilu rawaya da ganyen roba a bango kafin mutum ya gama haddace sunan wanda aka rufe. A irin waɗannan wurare an samu sauyi a ladubban ci, domin hoto ya riga bismillah, kuma abinci ba ya halatta ga baki sai ya huce a gaban kyamara. Ana kawo waina guda uku a kan faffaɗan faranti an ɗiga mata miya daga gefe, a karɓi kuɗin da zai ciyar da gida guda a wurin mai waina ta bakin layi, mai ci kuma ya fita ya tsaya a wurin mai tsire domin ya ƙoshi. Marubucin yakan zauna a kujerar da ta fi haske, manaja ya russuna ya ce, "Yallaɓai, a ƙaro wani abu?" shi kuma ya amsa da cewa aiki ne ya kawo shi ba ci ba, yana mai nuni da cokali zuwa ga shafin kayan zaƙi. Da yake Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ba a taɓa samun shawarma mara daɗi a rubutunsa ba, kuma shinkafar da ta caɓe takan fito a matsayin mai taushi da ladabi. Gurasar Jakara da kilishin Agadasawa, waɗanda suka yi suna ba tare da taimakon kowane marubuci ba, ba su cika samun shiga ba, saboda masu sayar da su suna da ɗabi'ar neman kuɗinsu.

Ranar Alhamis kuwa, lokacin da wani asibitin haƙori mai zaman kansa ya ɗauki nauyin shafi, sai mutumin nan ya sauya murya ya zama mai wa'azi, kuma abin da ke ba da haushi shi ne duk abin da yake faɗa gaskiya ne. A bakin kowane mutum akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya, suna zaune cikin wata farar dauɗa mai danƙo da ke manne wa haƙori. Idan sukari ya iso gare su sai su ci su fitar da sinadari mai tsami, idan kuma tsamin ya kai wani mizani, wato ya sauka ƙasa da kimanin 5.5 a ma'aunin da ake kira pH, sai farin sulken da ke lulluɓe da haƙori ya fara narkewa. Yawu yana wanke tsamin ya mayar wa sulken abin da ya rasa, amma yana buƙatar kimanin rabin awa zuwa awa guda bai ga wani sabon zaƙi ba, wanda hutu ne da ba kasafai bakin ɗan birni ke bayarwa ba. Wani bincike da aka yi a asibitin Vipeholm na ƙasar Suwidin daga tsakiyar shekarun 1940 zuwa farkon na 1950, inda aka riƙa ɗura wa masu taɓin hankali alawa mai danƙo ba tare da yardarsu ba, abin da a yau ake kallo a matsayin zalunci, ya nuna cewa yawan lokutan da ake lasar zaƙi tsakanin abinci da abinci ya fi yawan zaƙin kansa ɓarna. Da masu binciken sun san da makon biki a Kano, inda alkaki da nakiya da dubulan da tuwon madara ke bin juna daga kamu zuwa buɗar kai, ana korawa da zoɓon da cokali ke iya tsayawa a cikinsa, da sun samu masu sa kai ba tare da sun zalunci kowa ba.

Marubucin yana da alƙaluma a hannu, kuma yana zuba su da ƙarfin hali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu a rana, kuma ya fi kyau a rage shi ƙasa da kashi 5, wato kimanin giram 25 ko ƙaramin cokali shida. Wannan ƙima ce da mai shayi ke wucewa a kofin farko idan aka ce masa a yi mai kauri, kafin ma ya fasa gwangwanin madara. Rahoton hukumar na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki a duniya. Gwamnatin Nijeriya ma ta sa baki ta hanyar Dokar Kuɗi ta 2021, wadda ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai zaƙi, kuɗin da bai isa ya razana ko ɗan firamare ba. Duk wannan yakan fito a shafin da tallar ayis kirim ke zaune a ƙasansa.

Zalunci ne a ɗora wa marubucin laifin shi kaɗai, domin masu karatunsa suna son rubutun biyu daidai wa daida, suna aiki da na Litinin, suna tura na Alhamis ga 'yan'uwa a WhatsApp. Dangantakar ɗan birni da haƙorinsa tana bin matakai sanannu. Da farko yakan ji tsami idan ya sha ruwan sanyi, sai ya mayar da tauna ɗaya gefen ya ɗauka an sasanta. Idan zogi ya fara sai a danna kanumfari a kogon, wanda lallai yana da mai da ke kashe raɗaɗi na ɗan lokaci amma ba ya cike rami, daga nan a wuce kemis a karɓo ƙwayoyi masu launi biyu a ƙulle a leda. Idan abin ya faskara sai a nemi mai cire tsutsa, duk da cewa likitan Faransa Pierre Fauchard ya yi watsi da zancen tsutsar haƙori a littafinsa na 1728, kuma Ba'amurke Willoughby Miller ya bayyana rawar bakteriya da tsami a 1890. Tsutsar dai ba ta karanta ko ɗaya daga cikin littattafan ba, don haka har yanzu tana fitowa a bakin kasuwa ga duk wanda ya biya. Sai kunci ya kumbura, barci ya ƙaurace, sa'annan a doshi sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko wani makamancinsa, a ce, "Likita, don Allah a cire shi kawai a huta," a lokacin da ciko ɗan ƙarami da ya wadatar da an zo da wuri.

Ba wai jama'a ba sa kashe wa haƙori kuɗi ba ne, sai dai kuɗin yana tsayawa ne a kan haƙoran gaba, waɗanda ke fita a hoto. Haƙorin Makka, wato na zinari ko azurfa da alhazai ke sanyowa domin ya yi musu shaidar hajji duk lokacin da suka yi murmushi, ya daɗe da kafa wannan ƙa'ida. A yanzu an ƙara da wayar daidaita haƙora, wadda wasu ke ɗaurawa a kan haƙoran da Allah ya riga ya daidaita, da garin gawayi da ake dirzawa domin neman fari, alhali yawan dirzar yana kankare sulken da ake son ya haskaka. Turamen ciki kuwa, waɗanda su ne ke yin ainihin aikin niƙa kilishi da ƙashin kaza, ba mai leƙa su sai ranar da suka yi bore. Asuwaki, wanda addini ya kwaɗaitar da shi kuma kakanni suka riƙe shi tsakani da Allah, ya koma abin maƙalawa a gefen baki ana hira, buroshi da man goge baki mai sinadarin fulorayid, wanda likitoci ke cewa a yi amfani da shi sau biyu a rana, sukan samu rabonsu da safe kawai, domin da dare babu wanda za a burge.

Shi ma marubucin ranarsa takan zo, yawanci a tsakiyar dare bayan buɗe wani sabon gidan kek. Da safe yakan isa asibitin da ya saba yi wa rubutu, hannu a kunci, ya gabatar da shawarar a yi masa aikin kyauta a madadin yabo, sai ya tarar cewa likita, saɓanin manajan gidan abinci, yana da kwastomomin da ciwo ke kawo masa ba tare da talla ba. Bayan an cire turmin an cusa masa auduga, an kuma hana shi abu mai zafi da mai tauri na wasu kwanaki, ba ya barin shafinsa na Litinin ya tafi a banza. A makon ne masu karatu ke samun dogon sharhi mai cike da hujjoji a kan yadda zamanin tsire da kilishi ya wuce, da yadda wayayyun birni suka koma ga kunun gyaɗa mai ɗumi da faten dankali.